Kwalba ta Huɗu

Ranar Juma'ar da ta wuce Jamila, 'yar ƙanen Umma, ta zo gidanmu a unguwar Ammariyya, nan Jidda, da ƙawayenta biyu, wai in yi musu hanya a wajen aikinmu. Na ce me kuka iya? Jamila ta ce, "Haba Yaya Suwaiba, shan lemo har sai an iya? Ki zauna cikin sanyi, a zuba miki a kofin gilashi, ki ce wannan da daɗi, wancan babu. Ni wallahi ko kyauta zan yi." Ba ni da lokacin yi wa kowace bayani daban, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta karanta har ƙarshe ta ga tana so, ta zo.

Shekara bakwai ke nan ina ɗanɗana wa Abla Sana ruwan inabin Italiya. Abla Sana 'yar Jidda ce, ita ke kai abin sha ɗakunan biki. Kun san kwalbar, mai dogon wuya, an naɗe bakinta da takarda ruwan zinariya. Ango ya buɗe ta yi ƙara, mata su rangaɗa guɗa, a zuba a kan kofunan da aka jera kamar dala. A Italiya giya ake ɗurawa a irin wannan kwalba. Namu babu barasa, an rubuta a jiki, an kuma duba a tashar jirgin ruwa. Amma inabin ɗaya ne, kwalbar ɗaya, har sunayen ɗaya. Tun daga nan ruɗanin ya fara, kuma ban ce muku ya ƙare ba.

A Jidda aka haife ni, amma a Kano na yi sakandare a hannun gwaggona, na dawo da umra na zauna. Boko ne ya sama min aikin, ba harshe ba. Khala Binta, wadda ta yi wa Abla Sana ɗanɗano tun ina goye, Larabci kawai take karantawa, kuma takardar Larabcin da ake mannawa iri ɗaya ce a kowace kwalba: ruwan inabi mai gas, babu barasa. Sai aka nemi yarinyar da za ta karanta rubutun Turawan da ke ƙarƙashi. Aka ce ga 'yar mai sobiya, abin shan da ake buɗa baki da shi a nan.

Ranar farko na ci ado, na turara abayata, na shiga ofishin da ke unguwar Bagadadiyya ina jin kaina. Khala Binta ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa ya shigo da shagon turare?"

"Ni ce, Khala. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Koma gida ki yi wanka. Yalla."

Na koma. Washegari ta karanta min doka. Ranar ɗanɗano babu turare, babu yaji, babu gahawa, babu man goge baki mai na'ana'a. Ita goro ta bari saboda wannan aiki, kuma har yau in ta ga mai cin goro sai ta bi shi da ido. Kayan aikin ba su da yawa: kofuna shida masu ƙafa, farin ƙyalle da ake shimfiɗawa don a ga launi, ruwa marar sanyi, busasshen burodi na share harshe, bokitin tofarwa, da littafi. A ƙafa ake riƙe kofi, don zafin hannu yana sauya ɗanɗano. A fara da fari a ƙare da ja, a fara da marar zaƙi a ƙare da mai zaƙi. In kin juya tsarin nan, duk abin da ya biyo bayan mai zaƙi ruwan tsamiya za ki ji. Kuma ba a haɗiyewa. Kwalba shida sau uku a yini, in kina haɗiyewa, kafin azahar cikinki ya zama ganga.

Akwai wata takarda da ke zuwa tare da kaya, ita ce ta fara juya min kai. Turawan suna rubuta abin da za ki ji a kowace kwalba, wani ma'aikacin Abla ya fassara mana. Wannan wai ƙamshin furen lemo da zuma. Wancan ƙamshin wani ɗan itace da ban taɓa gani ba. Akwai wanda aka rubuta masa ƙamshin ƙasar daji bayan ruwan sama. Na shaƙa, na sake shaƙa, inabi nake ji. Na ce, "Khala, ni fa hancina ya lalace."

Ta ce, "Me suka ce?"

"Wai ƙasar daji."

"Dajin wa? Ajiye takardar nan. Abu uku nake so ki gaya min. Zaƙinsa yana tsayawa a ina, tsaminsa yana cizo ko yana shafa, kuma in kin tofar me ya rage a baki."

Da haka na koya. Moskato zaƙinsa a kan harshe yake, yana zuwa da gudu ya tafi da gudu, 'yan mata suna sonsa. Tirebiyano siriri ne, ya fi dacewa bayan shinkafa da nama mai maiƙo. Lamburusko ja ne, yana kama dasashi kamar ɗanyen goro, tsofaffi ke yabonsa. Ita Khala ba ta taɓa kiran ɗayansu da sunansa ba. Lamba take ba su, daga ɗaya zuwa shida, gwargwadon yadda ta jera su ranar.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙuri. Uwar amarya za ta shigo da turaren da zai kashe sauro, ta kurɓi duka shida a jere babu ruwa a tsakani, sannan ta zaɓi wanda takardar bakinsa ta dace da labulen ɗakin biki. Aikinki ki san wanda ya fi, ki kuma sa ta ɗauka ita ta gano shi.

A watana na uku na yi kuskuren da ya bi ni shekaru. Wata uwar amarya tana zaune, na buɗe wani ja da ban taɓa buɗe irinsa ba. Na kai hanci sai na ji wani tsami-tsami. Ni 'yar mai sobiya ce. Umma tana jiƙa sha'ir da burodi ta tace ta sayar duk azumi, kuma tun ina ƙarama na san sobiya in ta kwana uku ta juya, zubarwa ake yi. Abin da hancina ya tuna ke nan. Ban yi shawara da kowa ba, na dire kofi na ce, "Wannan giya ce!"

Matar ta miƙe tana salati, ta ja 'yarta suka fita. Abla Sana ta aika kwalbar ɗakin gwaji, aka yi kwana goma, sakamako ya dawo babu komai. Haka inabin yake. Amma matar ta riga ta baza labari, bukukuwa uku suka janye. Abla ta kira ni, Khala na tsaye.

"Ya binti, kin taɓa shan giya?"

"A'uzubillahi, Abla."

"Kin taɓa jin warinta?"

"A'a."

"To da me kika gane ta?"

Tambayar gaskiya ce. Ta ce albarkacin Khala Binta ta bar ni, amma ranar da kalmar nan ta sake fita daga bakina babu hujja a hannu, halas, shi ke nan, in ɗauki jakata. Da muka fita na tambayi Khala, ita ta yaya take ganewa? Ta ce, "Shekara ashirin ban gamu da ita ba, ina roƙon Allah kar in gamu." Kun ji sana'ar da kuke cewa sauƙi. An ɗauke ki gadin ƙofa, ɓarawon kuma ba ki san fuskarsa ba, wadda ta koya miki ma ba ta sani ba.

Shekarar wahala ita ce wadda azumi ya faɗo tsakiyar zafi. Khala Binta ta kamu da ciwon suga, likita ya hana ta aikin, na rage ni kaɗai. Kwantenar kayanmu kuma ta maƙale a tashar jirgin ruwa sati uku saboda takardu, a cikin ranar da ke narka kwalta. Da aka fito da ita, saura kwana biyu a fara azumi, muka yi sauri muka zauna ɗanɗano, don akwai babban biki kwana uku bayan Salla.

Iri shida ne. Biyar na san su. Na huɗun sabo ne, daga wani ƙaramin gidan gona, fari mai ɗan duhu. A takardarsa sun yi alfahari cewa ba su dafa shi sosai ba don kar ɗanɗanon inabi ya mutu. Na kurɓa. Jamila, ban taɓa sa abu irinsa a baki ba. Zaƙin bai yi yawa ba, tsamin yana shafa, kuma bayan na tofar wani ɗumi ya rage a maƙogwaro. A karon farko na ji kamar na gane abin da Turawan nan suke rubutawa. Na karya doka na haɗiye. Na sake zubawa na haɗiye. A littafi na ba shi na ɗaya, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Abla ta sha ta lumshe ido. Uwar amaryar babban bikin ta sha ta ce ko takardar bakinsa baƙa ce shi take so. Aka ware mata katan arba'in.

Ranar tara ga azumi direban da ke kula da sito a Madinar Masana'antu ya ce min kwalba biyu sun fashe da kansu, ba wanda ya taɓa su. Na ce wace lamba? Ya ce ta huɗu. Na je a safiyar ranar. Ƙasa ta yi danƙo, ƙananan ƙudaje sun taru, kuma akwai wani wari. Na ɗaga wata kwalba a haske na ga gari-gari ya kwanta a gindinta.

Na zauna a kan katan na rasa ta inda zan kama. Kumfa ba hujja ba ce, don dukansu da kumfa ake sayar da su. Wari ba hujja ba ne, wari ne ya kusa kora ta a baya. Fashewa ma zafi yana iya sawa. Ɗakin gwaji kwana goma ne, kuma in suka sami wani abu ba Abla kaɗai za su gaya wa ba. Za a rufe sito, a tambayi kowa iƙama, takardar izinin zama, rabinmu ba mu da ita. Saura harshe. To ina azumi. Mai girki tana iya taɓa miya a harshe ta tofar, amma abin da nake nema a maƙogwaro yake, sai an haɗiye. In jira magariba? In sha ruwa da abin da nake zargin giya ce? Kuma ko na sha, da me zan gwada shi? Abin da kawai zan ji shi ne yana da daɗi, wannan kuwa na riga na sani, ni na rubuta.

Na sa kwalba ɗaya daga kowane iri a jaka na tafi gidan Khala. Tana kwance. Ta shaƙa ta huɗun ta daɗe, ta ce, "Wallahi ban sani ba, 'yar nan. In ce miki e, in ce miki a'a, duk ƙarya ne." Ta ce in yi shiru a kai kaya, ko in yi magana in rasa aiki, wanda zuciyata ta fi ɗauka. Na ce na gode, ban ƙaru da komai ba.

Na isa gida Umma tana tsakar gida tana ɗura sobiya a leda, tana ƙullewa tana jefawa a baho mai ƙanƙara. Ta dube ni.

"Ke kuma wa ya mutu?"

Na gaya mata a taƙaice, don ban sa ran komai ba. Umma ba ta taɓa riƙe kofi mai ƙafa ba. Ta ci gaba da ƙulli, ta ce, "Duk karatun Kano ɗin nan? Ni da nake sayar da sobiya wata guda da azumi a bakina, kin taɓa ganin na kurɓa?"

"To ya kike sanin ta jiya ta juya?"

"Ledar ke gaya min. Abin da ya juya rai ne da shi, numfashi yake. Ki ƙulle shi ki ajiye, zai kumbura."

"Umma, waɗannan duk da gas aka yi su."

"Sai ki kaɗe gas ɗin, sarkin gardama. Miƙo min muciya."

Muka juye kowace kwalba a kwano daban, muka kaɗa har kumfa ta mutu. Muka ɗura a leda shida, Umma ta matse iska ta ƙulle, na rubuta lamba da biro. Muka jera su a inuwar katanga inda akwai ɗumi. Bayan azahar na leƙa, duka shidan sun ɗan tasa. Na kusa kuka don haushi. Na ce, "Shi ke nan, duk giya muke sayarwa shekara da shekaru."

Umma ta ce, "Ke dai gaggawa ce za ta kashe ki. Sauran iskar Turawa ce ta fito. Kwance ki sake ƙullewa. Matacce sau ɗaya yake tashi."

Na kwance, na matse, na ƙulle. Kafin la'asar biyar suna kwance shame-shame kamar yadda na bar su. Ta huɗu ta yi tim kamar ƙwallo. Na sake kwancewa na ƙulle, don ban yarda ba. Ta sake tashi.

Washegari da safe na ɗauki sababbin kwalabe daga sito na tafi Bagadadiyya. Ban furta kalmar ba. Na shimfiɗa farin ƙyalle a teburin Abla Sana, na yi duk abin da muka yi a gabanta, da muciyar Umma. Ta ce, "Esh hada, mene ne wannan? Sobiya za ki sayar min?" Na ce ta ba ni zuwa la'asar. Ta yi ta waya tana satar kallon ledojin. Da ta huɗu ta tashi karo na biyu, sai ta ajiye wayar.

"Me kike so ki ce?"

"Ban ce komai ba, Abla. Leda ce ta ce."

"Ba ke kika ba shi na ɗaya ba? Da layi biyu?"

"Ni ce."

"Wato harshen da nake biya, da aka jera masa shida, wannan ya zaɓa."

Na ce e. Na riga na sa hannu a jakata, don ko ta wace hanya aka bi ni ce mai laifi. Ta tsaya tana kallon ledar. Can ta latsa ta da ɗan yatsa, ledar ta dawo. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce a hankali, "Suwaiba, na kai katan ɗaya gida." Ta ce, "Kwana tara da shi muke shan ruwa. Surukata kofi biyu take sha, ta ce yana sa ta barci mai daɗi."

Ban san inda zan sa idona ba. Ta yi istigfari ya fi sau goma. Sannan ta tambaye ni, ni da ta ce ban san komai ba, wai na gidan da ke cikin firiji shi ma ya juya? Na ce ban sani ba. Ranar da muka ɗanɗana fa, ya riga ya juya ko daga baya ne? Na ce ban sani ba. Ta ce, "To me kika sani?" Na ce na san ledar ta kumbura.

Katan arba'in ɗin, da sauran da ke sito, a magudanar bayan sito suka ƙare, kwalba bayan kwalba, muna toshe hanci. Aka kai Moskato biki. Maganar kora ba ta sake tasowa ba, Abla ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya sauya kawai, an ƙara leda da muciya a kayan aiki, kuma duk kwantenar da ta kwana a rana sai ta bi ta hannun Umma kafin ta zo bakina.

Na tambayi malamar islamiyyarmu, ta ce babu laifi a kan wanda bai sani ba. Na yarda. Amma ba wannan nake son sani ba. Kofi biyu na haɗiye ranar nan, kuma har yau ban san ko na taɓa shan giya ko ban taɓa ba. In na taɓa, to na san fuskar ɓarawon, kuma ita ce fuskar da ta fi min kyau a cikin shida. In ban taɓa ba, ina nan inda nake tun watana na uku. Tun daga lokacin, duk kwalbar da ta yi min daɗi fiye da kima sai in ajiye kofi in nemi leda.

Uwar amaryar nan kuwa 'ya'ya mata huɗu gare ta. Duk wadda za ta aurar sai ta zo, ta kurɓi shida a jere, ta ture su, ta ce, "Ba wannan ba. Ina na wancan karon, mai ɗumin nan?" Abla ta dube ni, ni in dubi littafi, in ce gonar ta daina yi.

Jamila, in har yanzu kina so, ki zo ranar Asabar da safe. Kar ki sa turare. Ki biya wajen Umma ki karɓo muciya.